Hucin Ƙanena a Kan Ƙarfe

Ƙanena ba ya jin magana, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. In ka ce masa ga rami, sai ya leƙa ya ga zurfinsa.

Aikinsa goge ƙarfe ne a wata masana'anta da ke ƙera tankunan haɗa magani. Dole cikin tankin ya zama madubi, don ɗan ƙarzane ma zai riƙe datti. Yakan fara da samfefa mai kaushi, ya sauko zuwa mai laushi, ya ƙarasa da faifan tsumma da inji ke juyawa. Baƙar ƙura ce ke tashi tun safe har yamma.

"Sheƙi daban, madubi daban, Yaya," yakan ce mini. "Ko cokalinki yana sheƙi. Madubi shi ne ki hura masa huci, raɓar ta kwanta bai ɗaya, ta tashi bai ɗaya, ba layi."

Haka yake gwada aikinsa, kowane taƙi sai ya hura. Shi ya sa takunkumin rufe hanci da aka ba shi ya zama abin ratayawa a wuya. Ya kuma koya wa sauran ma'aikata hakan.

Matarsa ta taɓa nuna masa ruwan wankin rigarsa, baƙi ƙirin.

"Wannan na riga ne, maigida. Na ƙirjinka wa zai wanke?"

"Ke dai wanke wanda hannunki ya kai."

Tari ya fara, ya ce mura ce. Da ya kasa hawa matakalar tanki, muka kai shi asibiti da ƙyar. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa, duk dabbare-dabbare. Ƙanena ya ƙura wa hoton ido ya ce, "Wanda ya goge wannan bai iya aiki ba." Ba wanda ya yi dariya.

Ana gobe zai rasu abokan aikinsa suka zo dubiya, ɗaya ya kawo masa guntun ƙarfen da ya goge, don ƙanena ya gwada. Ƙanena ya kai shi baki, ya hura. Ƙarfen bai yi raɓa ba. Ya sake, tari ya sarƙe shi.

Wanda ya kawo ƙarfen shi ma yana tarin nan, busasshe, irin wanda na sani. Na jira ƙanena ya ce musu su rufe hancinsu. Bai ce ba. Ya miƙa musu ƙarfen.

"Wani ya hura mini, in gani."