Makullin Rijiyar Malam Buhari

Cikin duk shekarun da na yi a aikin ruwa, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wadda aka damƙa mini makullin wata rijiya a Argungu. Ku yaran yanzu da kuke ƙorafin an tura ku ƙauye ba a ba ku babur ba, ku matso ku ji.

Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba. An kwaso mu daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, ofis ko kujeru ba su ishe mu ba. Ni ƙaramin ma'aikacin ɗakin gwaji ne, mataki na shida, aikina in ɗebo ruwa a kwalba in kai a auna. Iyalina suna Yawuri wajen mahaifiyata, don ban samu wurin ajiye su ba.

Sai kuka ya zo daga wata unguwa a Argungu, wai rijiyar ƙofar masallacinsu tana warin kananzir. Da aka bincika, ashe tankin wani tsohon gidan mai ne da ke binne ya rube, ya daɗe yana tsiyaya har ya kai ga idon ruwa. Yasar rijiya ba ta maganin wannan, don man ya kama yashin ƙarƙashi. Ko an kwashe ruwan ƙaf, wanda zai ɓuɓɓugo da warinsa zai zo.

Malaman wata jami'a suka haɗa hannu da ma'aikatarmu a gwada wata dabara, ƙarƙashin Dakta Hajara, mace mai gajeriyar magana. Aka haƙa burtsatse biyu, rijiyar tana tsakiya. Ta ɗaya ake ɗura wani sinadari mai kama da ruwan sabulu, ya ratsa yashin ya kwanto man, a zuƙe ta ɗayan zuwa tanki. Wankin tukunyar miya ne dai, illa tukunyar ba ka ganinta. Sharaɗin shi ne ba mai shan ruwan sai gwaji ya nuna man da sabulun duk sun fita. Aka yi wa rijiyar murfin ƙarfe aka danna kwaɗo. Manya suka shiga motocinsu, aka bar ni da inji da akwatin kwalabe da makulli a aljihu.

Wallahi ban san kaɗaici ba sai a wannan bazarar. Mutanen unguwa sun koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa, marasa hali suna gangarawa gulbi. Ba wanda ya zage ni, sun fi ƙarfin haka. Suna dai suka raɗa mini, Mai Makulli. In na yi sallama a majalisa a amsa, hira ta mutu sai na wuce. A ƙasar nan ko wanda ba ka shiri da shi ya zauna a ƙofarka da rana, kakan miƙa masa ruwa. Ni duk zaman da na yi ba wanda ya miƙo mini ko moɗa ɗaya. Abokin hirata wani Bayerabe ne mai kantin burodi, shi ma baƙo ne irina.

Da aiki ya yi nisa, wari ya ɗauke. Sai Malam Buhari, limamin masallacin, ya aiko in zo masa da kwalbar gwaji. Tsoho ne ƙwarai, mahaifinsa ne ya gina rijiyar. Ya ɗaga kwalbar sama ya duba, ya shinshina.

Ya ce, "Yaro, ga littahi, ruwa in launinai da ƙanshinai da ɗanɗanonai ba su sake ba, mai tsarki na. To mi yar rage?"

Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, a kan hukuncin alwala ban isa in ja da ku ba. Amma abin da muke tsoro ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa. In na buɗe don alwala, kafin la'asar yana cikin randunan gidaje."

Ya ajiye kwalbar a gefensa. Sannan ya ce, "Ka hwaɗi gaskiya. Amma da ruwan ga anka yi min wanka randa anka haihe ni, kuma da shi nika son a yi min na ƙarshe. Ka riƙe wagga."

Da na kai kwalabe Birnin Kebbi na tarar da Dakta Hajara, na faɗa mata abin da Malam ya ce. Ta ce sabulun bai gama fita ba, sai an ga bayan damina. Sannan ta ce, "Malam Isa, doka ɗaya ce, kada ruwan ya shiga cikin kowa. Sauran na bar maka."

Malam bai ga damina ba. Wata safiya ɗansa Malam Sani ya yi sallama a ƙofar ɗakina, karo na farko da ɗan unguwar ya tako nan. Ya ce, "Baba ya cika. Ka san wasiyyatai."

Na ce zan buɗe, amma ni zan ja guga da hannuna, kuma na wanka kaɗai. Ya amince. Ƙarar murfin ƙarfen nan kuwa ta zaga unguwa, kafin in cika bokitan wankan, layin bokitai ya kai bakin titi. Na naɗe igiya, na mai da murfi, na danna kwaɗo a gabansu. Wata tsohuwa da ke gaban layi ta dube ni ta ce, "Ga mamaci ka buɗe, ɗana. Mu masu rai hwa?"

Amsar tana bakina, cewa don suna da ran ne na rufe, amma sai na sa makullin a aljihu na wuce. Na bi jama'a maƙabarta ina can baya, na dawo ɗakina na zauna na yi kuka, ban san ko na Malam ne ko nawa ba.

Bayan damina sakamako ya fito. Man ya ragu sosai, amma bai kai a sha ba. Masu bincike suka ce sun koyi abu mai yawa, kuma na yarda sun koya. Aka haƙa wa unguwar sabon burtsatse nesa da wurin, aka shafe bakin rijiyar da siminti. Makullin ba wanda ya tambaye ni, yana nan a akwatina.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a wurinmu gwaji yana iya yin rabin nasara a ce an gode Allah, amma a wurin mai rijiya ko dai ya sha ko bai sha ba. Kuma a kowane bincike akwai wanda ake bari ya tsaya tsakanin mutane da ruwansu. In kai ne, ka tsaya, kada ka jira godiya, kada kuma ka riƙe su a zuci.

Ranar da zan tashi na je yi wa Malam Sani sallama. Ya shimfiɗa mini tabarma a zauren mahaifinsa, ya shiga gida ya fito da kwanon sha cike da ruwan sabon burtsatse. Ya ce, "Sha, Mai Makulli." Bai zauna ba sai da na shanye.