Ƙafar Sixten da Ɓerayen Sito

Duk garinmu Orsa babu wanda bai san Sixten da jar motarsa ba. Shekara arba'in ya yi yana jan gungumen katako a babbar mota, amma in ka tambaye shi labarinsa sai ya nuna maka Bettan, motar Amurka ƙirar 1969, mai canja giya da kanta, mai shan fetur kamar babu gobe. A cikinta ya ɗauko matarsa, marigayiya, daga coci ranar aurensu. A cikinta ya kawo 'yarsu Pernilla gida tana jaririya. Kuma tun da ya saye ta babu mahaluƙin da ya taɓa riƙe sitiyarinta sai shi. Ni Majvor da nake gyara masa akwatin giya shekara talatin, gefe nake zama yana tuƙi ina kasa kunne. Taurin kai dai sai Sixten.

Bara da kaka jikinsa ya ɗan shanye ta ɓarin dama. Ya warware, likita ma ya ce zai iya komawa tuƙi, amma hankalin Pernilla bai kwanta ba. Suka yi alkawari: in sanyi ya wuce aka fito da motoci daga ajiya a watan Mayu za ta zauna gefensa, idan ƙafar ta kasa totur zai miƙa mata makulli, shi ke nan.

Ranar gwaji Bettan ta kunyata shi. Injin ya yi ta kururuwa a giya ta ɗaya, can sai ta biyu ta faɗa, garam, har ƙeyar Pernilla ta bugi kujera. Sau uku ana haka.

Washegari ya lallaɓo da ita garejina, ya zauna, ko kofin da na zuba masa bai taɓa ba.

"Ki duba ta kafin yarinyar ta nemi mai saye," ya ce. "Ƙafar ce, Majvor. Ina jin na taka kaɗan, ashe har ƙasa nake dannawa."

"Wa ya gaya maka?"

"Motar ta gaya min."

"To ba ni makulli, ni ma ta gaya min."

Ya kalle ni kamar na ce ya ba ni ƙodarsa.

"Haba tsoho! Gobe baƙo zai hau ta, ni ce za ka hana? Kawo nan."

Ya miƙo. Na ja ta zuwa hanyar bakin tafki, shi yana gefe ya ƙanƙame ƙofa. Na taka a hankali, yadda ake taka ƙwai. Injin ya ɗauki kuka, sai garam! Na sake, ta sake.

"Ƙafata lafiyarta ƙalau," na ce. "Ko ni ma na shanye ne ban sani ba?"

Ya saki ƙofar, muka juyo.

A gareji na zaro ma'aunin man giya. Ja ne fes, babu ƙauri, sai na ji sanyi a raina. Na shiga ƙarƙashi da tocila. Akwai wani siririn tiyo da ya taso daga injin zuwa akwatin giya, ta nan giya take sanin nauyin ƙafar direba. In ya huje, sai ta ɗauka an danna totur har ƙasa, ta ƙi canjawa da wuri. Na same shi duk sawun haƙora, ga kashin ɓera a saman ƙarfe.

"Wa ya ajiye motar nan lokacin sanyi?" na tambaye shi.

"Pernilla da maƙwabta suka tura ta sito, ina asibiti."

Na kira ta a waya ta zo. Ashe baiwar Allah tausayin motar ta ji, ta lulluɓe ta da barguna huɗu na ulu, ta jingina buhun tsabar tsuntsaye a gefe. Tarkunan da ubanta yake ɗanawa duk shekara ko tunawa da su ba ta yi ba. Ɗaki da abinci, wata shida! Ɓeran da ya ƙi wannan ai sai a kai shi asibiti.

Minti goma na sa sabon tiyo. Sixten ya koma mazauninsa, ni a gefe, Pernilla a baya. Ya taka. Ɗaya, biyu, uku, giya ta wuce sumul, ko kofi ba zai zube ba. Ya yi birki daidai a mahaɗa, ya juya, ya sake takawa.

Sai ya gangara gefen hanya ya kashe mota, ya kifa goshi a kan sitiyari. Na daɗe ban ga namiji yana kuka haka ba, ni ma har na fara laluben hankici ina zagin ɓeraye.

Ya zare makulli ya miƙa baya ba tare da ya waiwaya ba. "Alkawari alkawari ne. Ke za ki yanke."

Pernilla ta karɓa, ta miƙo hannu ta kan kafaɗarsa ta mayar da shi ramin da ya fito.

"Baba, yunwa nake ji," ta ce. "Kai mu garin Mora mu ci abinci."