Yadda Aka Zaunar da Hasiya a Kan Hannuwanta

Labari ya zaga dangi, daga Tudun Murtala har ƙauye, wai Hasiya ta gano wani asibiti a Nassarawa GRA inda likita ke zama dirshan a ƙasa tana cin ɗanyen ƙullin fulawa da marasa lafiya, kuma duk uwar da ta shiga sai an ɗaure mata hannuwa ta baya. Wata gwaggonmu ma ta ce har igiyar ta gani, shuɗiya. To, ƙarya ne. Ba a cin fulawar, murza ta ake yi. Igiya kuwa babu ita. Cewa kawai aka yi Hasiya ta zauna a kan hannuwanta, wanda kuma ya san ta ya san da an ba ta zaɓi igiyar za ta ɗauka.

'Yar kawuna ce, abokiyar wasana, saboda haka ba mai hana ni faɗa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana girki a gidan wata Hajiya a GRA, mijinta Falalu shi ne direban gidan, suna zaune a ɗakunan baya. Mace ce da hannunta bai san hutu ba. Ka tsaya kusa da ita minti biyu, ta wanke ka ta shanya. Albasa ma in ta hango ta da kanta take ɓarewa.

Sai Allah ya ba ta Nabiha, 'yarta ta uku, da hannun dama mai rauni tun haihuwa, yatsun a dunƙule kamar ta ɓoye alewa. Yarinya ta shekara biyar, ga gudu, ga surutu kamar rediyo, amma cokali ya gagare ta. In ta miƙa hagu, gida duka a ɗauka: "Dama, dama!" In ta miƙa damar, abinci ya kife. Sai ta daina miƙa ko ɗaya, ta riƙa buɗe baki kawai, Hasiya na zubawa. Da aka je nema mata makaranta, shugabar ta ce za su ɗauke ta a sabon zango in har za ta iya cin abincinta da kanta lokacin tara, don malama ɗaya ce da yara arba'in. Saura wata huɗu.

Likitan yara ne ya tura su wurin Malama Tamar, 'yar Zariya, wadda aikinta koya wa irin waɗannan yara abubuwan yau da kullum: ci, sa riga, riƙe fensir. Hasiya ta tafi da shirin allura. Ta hana yarinya karin kumallo ko za a ɗebi jini, ta sayi biskit na rarrashi. Ta tarar da ɗaki da tabarmar roba, da lilo, da wake a kwano. Ta fita ta sake duba ƙofar ko ta yi ɓatan kai.

Malama Tamar ta zauna a ƙasa, ta miƙa wa Nabiha ƙullin fulawa, tana kallon yatsunta tana tambayar uwar.

"Wa ke sa mata riga?"

"Ni."

"Wa ke ba ta abinci?"

"Ni."

"Takalmi fa?"

"Malama, to wa zai sa mata? Ni na haife ta."

Aka shafe awa guda ana haka. Da aka tashi, Hasiya ta tsaya tana jiran takardar magani. Abin da aka ba ta cokali ne, an naɗe mariƙinsa da roba har ya yi kaurin rake. Aka ce ta sa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin kwano kada ya zame, hagu ta riƙe kwanon, dama ta ɗauki cokali, kuma kada wanda ya sake tsawata wa hagun, ita ma tana da aikinta. Duk Talata su dawo.

A gida Falalu ya jujjuya cokalin.

"Sau nawa a rana? Kafin abinci ko bayan abinci?"

"Wai abincin ne maganin."

"To ai ta daɗe tana shan sa."

Ita ma Hasiya abin da ke yi mata yawo a kai ke nan. Mako uku ba ta ga canji ba, sai wanki da ya ƙaru. Ta koma da niyyar yin sallama ta mutunci. Malama Tamar ta saurare ta, sannan ta ce, "Maman Nabiha, in ta yi cokali biyu, wa ke ƙarasawa?"

"Ba kowa. Sai dai in abincin zai huce."

"Yana yawan hucewa?"

"Kullum."

Ranar aka zaunar da ita a kan hannuwanta. Aka ajiye wa Nabiha shinkafa. Yarinya ta buɗe baki ta dubi uwarta, uwa ta dubi silin, zufa na tsiyaya kamar an kafa mata famfo a ka. Minti goma sha huɗu, cokali uku suka isa baki. Malama Tamar ta tafa kamar an ci kofi. Hasiya ta rasa ko kuka ake yi ko godiya, sai ta yi duka biyun. Aka faɗa mata hannun ba lalle ya zama kamar ɗayan ba, amma zai koyi aiki, a hankali, in an bar shi. Wannan "in an bar shi" ɗin ya fi mata naƙuda wuya.

Juma'ar da ta wuce, saura mako biyu a buɗe makaranta, na leƙa su. Na tarar da Hasiya a bakin ƙofa a kan hannuwanta, Nabiha na fama da shinkafa da wake. Rabin awa ta yi, amma ta ga ƙasan kwanon, ba wanda ya taɓa mata. Akwai shinkafa a tabarma, akwai a gira, har da ƙwayar wake a kunne.

Na ce, "Hasiya, wannan ci ne ko shuka? In aka yi ruwa gobe sai ku girbe buhu biyu a tsakar gidan Hajiya."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ita shekararta biyar, ta cinye da hannunta, makaranta za ta. Kai mai shekara arba'in, har yau matarka ke cire maka ƙayar kifi. Ka shirya, ran Talata da kai za mu tafi."