Likitar Yara da Aka Hana Aiki a Garinta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Juma'a, tara ga watan Yuni, ina tsaka da wanke-wanke labari ya iske ni: motar hayar da kika hau za ki dawo gida ta yi karo da tirela, Allah Ya karɓi ranki, Likita.

Shekara da shekaru ke kike duba autana mai ciwon sikila. In mun shigo yana murƙususu, sai ki hura safar hannu ta zama balan-balan, ki zana mata ido da baki, ki ce, "Maigida, riƙe mini wannan majinyacin, ya fi ka raki." Kafin ya gama dariya kin sami jijiya. Ni kuma ki kore ni: "Yaya, je ki ci abinci kar ke ma ki faɗi, gado ɗaya gare ni."

Da masu asibitin da kike aiki suka matsa ki rage lokacin da kike ba kowane yaro, kika ajiye aiki. Sai suka tuna miki sharaɗin da kika sa wa hannu tun kina sabuwar likita: in kin bar su, ba ki da damar duba mara lafiya a garin nan sai bayan shekara biyu. Asibitin bayan layinku ya neme ki, ba hali. Dole kika kama aiki a gari mai nisa, kika bar mijinki da 'yan mata biyu, kina bisa titi duk ƙarshen mako.

Wata Asabar na kawo miki autan nawa har gida, jikinsa zafi rau. Kika durƙusa kika taɓa goshinsa, idonki ya ciko. "Yaya, an ɗaure mini hannu. In na rubuta magani, kotu za su kai ni." Kika tare mana mota, kika raka mu wurin abokiyar aikinki, kika zauna a bencin masu jira kamar kowa, sai da aka ba shi gado.

Watanni kaɗan suka rage wa'adin ya cika. Har kin kama wurin da za ki buɗe naki asibitin a garin nan, an gama fenti.

Na kasa gaya wa yaron. Jiya ya tambaye ni yaushe za ki dawo, na ce ya gama cin abincinsa.

Allah Ya jiƙanki, Likita, Ya yalwata makwancinki, Ya saka miki da Aljanna. Mijinki, mahaifiyarki da 'ya'yanki, Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da kika bari. Mu iyayen yara kuwa, a yi mana gaisuwa, mu ma an yi mana mutuwa.