Wankan Jegon Yayata a Gidan Mai Okpa

Ni fa babban yatsana ya fi hankalina gudu. Duk wanda ya san ni a Fegge, unguwarmu a Anacha, ya san haka. Kafin ka ce "kar ki tura," an riga an gani har an yi sharhi. To wannan yatsan ne ya kori yayata daga gidanmu.

Ranar da sakamakon shekararmu ta farko a kwalejin foli ya fito, na cinye duka, ko kwas ɗaya bai maƙale min ba. Ina bakin titi ina tsalle, 'yan okada suna kallona kamar na zare. Na buɗe guruf ɗin dangi, wanda ke da su Baba, su Kawu na Fatakwal, su Gwaggo ta Inugu, har 'yan Kano, na cilla hoton. Ashe biyu na zaɓa. Na biyun takardar sikanin ce da Yaya ta turo min da safe, ta rubuta a ƙasa, "Ki gani ki goge." Sunanta ɓaro-ɓaro a sama, wata biyar a ƙasa. Yaya kuwa ba ta da aure.

Na goge sharp sharp, amma ina! Gwaggo ta riga ta sauke. Matar da ba ta iya sa kati a waya ba, ranar ta iya adana hoto.

Baba ɗan albasa ne, tun kafin a haife mu yake sauke kaya a kasuwar bakin ruwa nan Anacha. Da ya dawo bai daki kowa ba, da ma dukan ya yi. Ya ce wa Yaya ta kwashe kayanta kafin magariba. Ya juya wajen Umma ya ce, "Ke kuma kika taka inda take, a bakin aurenki."

Shi gogan mai cikin, ɗan abokin cinikin Baba ne, wanda ya ce zai turo manya bayan Sallah. An tura shi Kano ya sha iska wata biyu, ya dawo ya yi ƙiba. Har gobe yana sahun gaba a masallacin layinmu.

Gida uku Yaya ta ƙwanƙwasa, duk gidajen da muka taso muna cin tuwon Sallah. Ɗaya ta ce maigidan ba ya nan. Ɗaya ta ce tana da 'yan mata a gabanta. Ta ukun ta ƙara sautin talabijin.

A bakin kwana Mama mai okpa ta gan ta zaune kan jakarta. Mama Ibo ce, mijinta ya rasu, ita take share cocinsu duk Asabar. Okpa kuma alalan gurjiya ne, tun muna firamare muke saya a wajenta. In tallanta ya biyo da ita layinmu takan leƙo ta roƙi ruwa, kuma akwai wani jan kofin roba da ake rataye mata daban a bayan ƙofar kicin. Ba mai sha da shi sai ita. In ta juya baya sunanta a gidanmu "arniyar nan."

Yaya ta ce min tambaya ɗaya ta yi mata: "You don chop?" Ko kin ci abinci. Ba ta ce wa ya yi miki ba, ba ta ce garin yaya ba. Ta ɗora jakar a kan tiren okpa suka wuce.

Da na je gidan Mama washegari, na tarar ta sayo sabuwar tukunya da ludayi. Ta ce don kar ran Yaya ya yi mata wasiwasi a kan abin da aka taɓa dafawa a tsohuwar. Nama ma sai ta taka har wajen mahautanmu. Na tuna jan kofin nan, na ajiye okpar da ta ba ni.

Wata huɗu bayan nan Yaya ta haihu da hantsi, mace. A nan asalin rigimar ta fito, wa zai yi mata wankan jego? A wajenmu haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Kwana arba'in, safe da yamma, ruwa mai zafin gaske da ganyen darbejiya, ga kunun kanwa, ga gashin nama. Umma ta yi wa rabin matan layin nan wanka, wasu ma ba ta san sunan mazansu ba. Ga 'yarta ta fari can, tafiyar minti goma, rantsuwa ta ɗaure mata ƙafa. Na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Wata har da ce min, "Ai ba a yi wa irin wannan haihuwar wanka." Na ce, "Hajiya, jikin bai san da haka ba." Ta ce ba ni da kunya. E, na yarda.

Na dawo ina kuka, Mama ta ce, "Who die? Mu ma muna da namu, omugwo. Je ki tambayo uwarku yadda kuke naku."

Haka na zama 'yar aike. Umma ta shige kicin ta rufe, ta yi raɗa a wayata: ruwan ya tafasa sosai, a kama ganyen dami biyu, a fara daga kafaɗa, a kula da mara. Ni kuma in juya wa Mama da Pidgin. Ganyen ma ta san shi, dogonyaro suke cewa, ita ta sa aka saro mata a bayan cocinsu. Sai ta haɗa biyun, ta fyaɗa ruwa da ganye irin namu, ta danna ciki da tawul mai zafi irin nasu.

"Wayyo Mama, za ki dafa ni!"

"Hold body! Na your mama give order, ni ma'aikaciya ce."

Kunun kanwar Mama na farko kuwa, innalillahi, sabulu sak. Yaya ta kurɓa ta yi dariyar da rabona da ji tun ranar guruf. Mama ta ce mu ne ba mu da baki, ta ɗora mata farfesun doya.

Abin da ban lura ba sai daga baya, da sassafe ake cinikin okpa, kuma da sassafe ake wanka. Kwana arba'in wata ce ta riƙe mata bakin kwanar nan.

Ita ma ba a bar ta ba. Ina nan wata 'yar cocinsu ta zo tana yamutsa fuska, wai me ya kai ta kwaso 'yar aboki, wato 'yar Hausawa, da cikin da ba uba. Mama tana wanke zanin jaririya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ni shara aka ba ni a gidan Allah. Shari'a akwai mai ita. Miƙo min bokitin nan in za ki zauna."

Ana gobe suna ta ɗaura zaninta na Lahadi, ta ce in raka ta rumfar Baba. Ta durƙusa tsakanin buhunan albasa, mace sa'ar uwarsa. Baba ya amsa gaisuwa tsaf, har da tambayar kasuwa. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, ya ce ba shi da 'ya a gidanta. Ta miƙe, ta kaɗe gwiwa, ta ce, "No wahala, Alhaji. Zan riƙe maka har ka tuna."

Wani tsoho mai gadin sito ne ya yi wa yarinya huɗuba. Mu huɗu ne taron sunan.

A layinmu kuwa gulma ta gama da Yaya, wai an kai ta coci, har an sa mata sarƙar giciye. Masu faɗa ba wadda ta taɓa leƙawa. Ni da ke zuwa kullum, abin da na gani shi ne ran arba'in Mama ta zaro sabuwar darduma daga leda. Tun da jimawa ta tambaye ni yaushe mai jego take komawa salla. Ta ce wa Yaya, "Oya, hutu ya ƙare. Ki sa ni a cikin addu'a."

Washegari Yaya ta ce za ta yi yawon arba'in kamar kowace mai jego, kuma daga gidanmu za ta fara. Ta yi lalle, ta goya 'yarta, Mama ta riƙe musu lema. Baba yana zaune a ƙofar gida. Yaya ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni." Ya naɗe tabarmarsa ya shige. Na hango idon Umma ta tsakanin gilasan taga, jikarta take nema, ɗan tafin ƙafa kawai take iya gani. Muka tsaya a rana, maƙwabta suna leƙe.

Can Umma ta kira ni a hankali, ta miƙo ruwa a ba baƙuwa. Ban ce ta san abin da ta ɗauko ba. Ni ma sai da na fito na duba.

Mama ta karɓa, ta jujjuya shi, ta ce, "Ah, my cup still dey." Kofinta yana nan. Ta shanye tas, ta ce in gode wa Umma.

Sannan ta gyara wa Yaya goyo, ta ɗaga lema ta ce, "Rana ta yi wa yarinya yawa. Mu je gida."

Yaya ba ta tambayi wane gidan ba. Ni aka bari a tsaye da kofi a hannu.