Farin Yadin da Muka Rufe Hotunan Mushe Iliya da Shi

Har yau ban manta da ranar da na gane cewa martabar ƙasa sukutum na iya rataya a jikin farin yadi ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya ku saurara, don wata rana ku za a miƙa wa yadin.

Lokacin ni ne shugaban sashen baje koli a zauren zane-zane na gwamnati nan Yamai. Sama da ni darakta, sama da shi sakatare janar na ofishin minista. Ƙa'idar gidan ita ce, in mun gama rataya hotuna sai mu lulluɓe kowanne da farin yadi, babu mai ɗagawa sai babban baƙo ya yaye na farko da hannunsa. Ko wanda ya zana ba ya leƙawa.

Wata Juma'a cikin damina muka shirya baje aikin Mushe Iliya, tsohon malamin zane a lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami mushe, mutumin Dogon Dutsi, wanda ya ba gwamnati hotunansa duka kyauta. Idonsa ya riga ya fara tafiya. Da hasken hantsi yake gani, fitila kuwa sai ta ƙara dushe masa ido. Bai taɓa ganin aikinsa jere a bango ɗaya ba, abin da ya kawo shi ke nan. Ƴarsa Saratu, ma'aikaciyar jinya, ta zaunar da shi a kujerar gaba tun da safe.

Hantsi ya yi, sakatare janar, babban baƙonmu, bai iso ba. Aka ce yana wani taro.

Cikin baƙi akwai Hamsatu, tsohuwar ɗalibarsa, wadda ita da abokanta masu zane suka kama wani gida a unguwar Bobiel suna baje aikinsu a tsakar gida, ba darakta, ba jawabi. Ta tare ni bakin ƙofa.

"Shef, ka ɗaga masa yadin nan mana. Wa zai mutu?"

Na je wurin darakta. Na ce, "Ranka ya daɗe, tsohon nan hasken safe kaɗai ya rage masa. A bari ya duba, mu mayar da yadin."

Darakta ba mugu ba ne. Ya ce, "Ƴan talabijin na nan. In aka nuna hoto a buɗe kafin mai gida ya zo, gobe ni da kai muna gadin sito. A ba shi ruwan sanyi."

Aka ba shi ruwan sanyi.

Hamsatu ta durƙusa gefen kujerar tsohon. "Baba, na faɗa muku. Da a wurinmu ne da tuni kun gani. Su bango gare su, mu muke da mutane."

Ya yi murmushi. "Da a wurinku ne, ƴata, da akuyar maƙwabta ta riga ni gani. Ina hoton da na ba ku bara?"

Ta sunkuyar da kai. "Ruwa ya taɓa shi."

"To kin ji. Ku kuna son mai zane yana raye, su suna son aikinsa bayan ya mutu. Ni kuwa na fi kusa da wajensu. Bar ni in jira."

Ya jira. Aka tafi masallaci aka dawo, hadari ya haɗu daga gabas, zauren ya yi duhu, muka kunna fitilu. Bayan la'asar sakatare janar ya iso, ya yi jawabi mai kyau a kan hasken da masu zane ke ba al'umma, ya yaye yadin, aka tafa. Saratu ta kama hannun mahaifinta tana zagawa da shi, tana faɗa masa, "Wannan matan bakin kogi ne, Baba. Wannan kasuwar Lazare." Shi kuwa yana shafa katakon gefen hoton yana cewa, "Sun rataya shi daidai?" Na ce daidai yake.

Asabar da Lahadi zaure a rufe yake, haka doka ta ce. Lahadi bayan sujada a coci suka koma Dogon Dutsi, don Saratu na da aiki Litinin. Kafin kaka idon ya rufe gaba ɗaya.

Abin da na koya shi ne, gidan gwamnati ya iya adana zane, ƴan Bobiel sun iya girmama mai zane, kuma har na yi ritaya ban ga an haɗa biyun ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Mushe Iliya ya zaɓi adana, kuma ba mu ci amanarsa ba. Hotunan na nan a sito, ko gara ba ta taɓa su ba. Makullin yana hannun wani da aka yi wa canjin aiki zuwa Difa, can ƙarshen gabashin ƙasa.