Barmo da Giwayen Tafkin Gawo

A ƙauyukan da ke bayan Sae Sabuwa kowa manomi ne, sai Barmo. Shi tun yana saurayi ya jefar da hauya ya bi wasu masunta zuwa Tafkin Chadi, ya daɗe har aka fara yi masa addu'ar mamata. Ran da ya dawo, babu keke babu rediyo, sai jarkoki cike da ruwa da 'ya'yan giwan ruwa, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Ya juye su cikin Tafkin Gawo, wanda a da kwaɗi da tarwaɗa ne kawai ke mulki a cikinsa. Mutane suka sha dariya, suka ce wasu su dawo da akwati, Barmo ya dawo da ruwa.

Dariyar ba ta yi tsawon rai ba. Bayan 'yan shekaru, in kaka ta yi, ruwa ya kwanta, sai ka hangi Barmo tsakiyar tafki cikin kwalekwalensa yana jawo giwan ruwa mai tsawon hannu. Mata daga Gazawa suka riƙa zuwa sari. Waɗanda suka yi dariyar su ne suka fara sassaƙa jirage. Mai gari ya damƙa masa tsaron tafkin, shi kuma ya kafa doka guda: koma, wato ragar kamun kifi, mai manyan idanu kawai, wadda ƙaramin kifi zai ratsa ya wuce ya girma. Wanda aka kama yana tace ruwa da gidan sauro, za a ƙone gidan sauron a bakin tafki gaban kowa. Barmo kuwa ba ya da sassauci. Ya ƙone na ɗan liman, ya ƙone na surukinsa, bai ko ƙifta ido ba. Ba a ƙaunarsa sosai, amma ana cin kifi.

Bana damina ta yi gardama. Ruwan sama ya ɗauke gero na cikin fitar da kai, abin da ya rage tsutsa ta cinye. Wata safiya Barmo ya tuƙa jirginsa zuwa kwanar da ciyawa ta yi duhu, inda ƙananan giwaye ke fakewa. Can ya tarar da mutum tsundum cikin ruwa har ƙirji yana jan gidan sauro shuɗi. Ƙanensa ne Nomau, uwa ɗaya uba ɗaya.

Nomau bai gudu ba. Ya ɗago ragar, 'yan kifaye na ta ƙyalli a ciki kamar an watsa tsaba.

“Nomau, mi nika gani haka?”

“Abin da ka gani, Yaya. Rumbu wayam. Ɗiya sun kwan da ruwan tafasa babu gari. In ƙonewa za ka yi, ga shi, amma cikinai suka kwana.”

Barmo ya daɗe riƙe da filafilin tuƙi, ruwa na ɗiga. Ya san abin da ke cikin ragar nan: kifin baɗi ne da na baɗin baɗaɗa. Ya kuma san 'ya'yan Nomau, ƙaramarsu Hamdiya shi ya yi mata huɗuba. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin, har ya ji haushin ƙanen da bai zo ya roƙe shi ba, ko da yake shi ma abin da ke rumbunsa ba zai kai su sanyi ba. Hannunka dai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

“Ban gan ka ba,” in ji shi. Ya juya jirgi.

Sai dai tafki fili ne, ba ɗaki ba. Mata masu wanki sun gani, kafin azahar magana ta gama gari. Washegari da hantsi, da ya fito, bakin tafkin duk ya koma shuɗi. Maza da mata sun jeru cikin ruwa, kowa da gidan sauron ɗakinsa. Ba wanda ya ɓuya. Ɗan liman ma har ya ɗaga masa hannu.

“Barmo, ina kwana? Mu ma ba ka gan mu ba ko?”

Barmo ya kau da kai. Ya tura jirginsa can tsakiya inda ba kowa, ya jefa komarsa mai manyan idanu, ya zauna da baya gare su don kada su ga fuskarsa. Daga nan yana jin su suna ja, suna kiran yara su kawo kwanuka.